Tsakanin Gizo da Ɓeran Amurka: Wa Ke Biyan Kuɗin Dariyarmu?

Wata ranar Alhamis da la'asar, ina dawowa daga Rogo zuwa Karaye, na tsaya a rumfar wani mai cajin waya don in karɓi tawa. Sai na tarar da yara sun kai goma sun haɗa kai a kan waya ɗaya, ana ta ƙyaƙyata dariya har da masu riƙe ciki. Da na leƙa, ashe tsohon sani ne: ɓeran nan Jerry ya ɗana wa muzuru Tom tarko, ƙarfe ya faɗo masa a ka, ya baje kamar gurasa. Ni ma ban san sa'ad da dariya ta kuɓuce mini ba, domin tun ina yaro na san su a talabijin ɗin wani kawuna a birnin Kano.

Ba a yi mako biyu ba muka shiga jarrabawa. Na kama wani ɗalibina ya rubuta amsoshi a cikin hularsa. Na karɓe takardarsa, na fitar da shi. Da aka tashi, ina wucewa ta bayan aji sai na ji wani yana ce wa 'yan'uwansa, "Yau dai Tom ya kama Jerry." Suka fashe da dariya. Wannan magana ta tsaya mini a rai, domin a idon yaran nan ni ne muzuru, ɓarawon amsa kuwa shi ne gwanin da aka yi wa rashin sa'a. Tun daga ranar nake tambayar kaina: shin laifi ne mu so mai wayo, mu yi dariyar wanda aka yi wa wayon? In kuwa laifi ne, wa ya koya mana?

Mafi sauƙin amsa ita ce a ɗora wa Turawa. Gaskiya ne daga Amurka waɗannan zane-zane masu motsi suka fito. William Hanna da Joseph Barbera ne suka ƙirƙiro Tom da Jerry a kamfanin MGM a 1940, kuma daga wannan shekara zuwa 1958 sun yi gajerun finafinai 114, bakwai daga ciki suka ci lambar Oscar. A 1940 ɗin dai kamfanin Warner ya fito da zomon nan Bugs Bunny a siffar da aka san shi da ita. Yawancin finafinan ba su wuce minti bakwai ko takwas ba, kuma asali don gidajen silima aka yi su, a nuna kafin babban fim, manya da yara su kalla tare. Daga baya ne talabijin ya mai da su abin yara.

To, amma mai karatu, in muka tsaya a nan mun yi wa gaskiya kwange. Tun kafin a buɗe silimar Rex a Kano a 1937, kakanninmu suna da nasu Jerry, kuma ya fi na Amurka iya shege. Wa ya tashi a ƙasar Hausa bai san Gizo ba? Shi ne ya ɗaura wa giwa igiya, ya kai wa dorina ɗaya bakin, kowace tana ja tana zaton da Gizo take ja. Shi ne ya roƙi hankaki suka ara masa gashi ya bi su cin ɓaure a tsakiyar ruwa, ya hana su ci. Har tsamin bakinsa ma akwai irinsa a bakin agwagwar nan Daffy. Frank Edgar ya tara tatsuniyoyinmu a littattafai uku tsakanin 1911 da 1913, Ibrahim Yaro Yahaya kuma ya fitar da Tatsuniyoyi da Wasanni a farkon shekarun 1970, duk inda ka buɗa sai ka ci karo da Gizo da matarsa Ƙoƙi. Daɗin daɗawa, mutanen Gana suna da nasu gizon mai suna Ananse, wanda bayi suka tafi da labarinsa har Jamaika, baƙaƙen fatar Amurka kuma suna da labarin wani zomo mai wayo da ya manne a jikin 'yar tsanar kwalta, kamar yadda Gizo ya manne a jikin 'yar danko. Ashe ke nan wani ɓangare na kayan da muke cewa baƙo ne, namu ne ya je yawon duniya ya dawo da sabuwar riga.

Saboda haka son mai wayo tsohon abu ne a zuciyar ɗan Adam, kuma yana da dalili. Yaro ƙarami ne a duniyar manya, kullum ana ce masa zauna, tashi, yi shiru. Talaka ma haka yake a gaban mai mulki. In suka ga ƙaramin abu ya kayar da babba da dabara, sai su ji sanyi a rai, su tuna cewa ƙarfi ba shi kaɗai ke mulkin duniya ba. Ni ban ga aibin wannan ba. Wanda aka raine shi a kan cewa duk mai ƙarfi shi ke da gaskiya, ba zai taɓa ɗaga kai ya ce a'a ga azzalumi ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne, wayo iri biyu ne, kuma kamarsu ɗaya daga nesa. Akwai wayon kuɓuta, irin na wanda kura ta tare a hanya ya yi mata dabara ya tsira da ransa. Akwai kuma wayon cuta, irin wanda Gizo ya yi wa hankaki, waɗanda ba su yi masa komai ba sai alheri. Ma'aunin da ke raba su tambaya ɗaya ce: wa ya biya? Ɗalibina yana ganin ni ya yi wa wayo. Alhali ni ba abin da na rasa. Wadda ta biya ita ce yarinyar da ke zaune a bayansa, wadda ta kwana tana karatu da fitilar waya, da ya tsira sai ya fi ta maki. In kuma irinsa ya zama ma'aikacin asibiti gobe da takardar da bai cancanta ba, majiyyaci ne zai biya sauran.

A nan ne na ga bambancin tatsuniya da fim ɗin. A duniyar Tom ba a biyan komai. A daddatsa shi, a ƙone shi, a hura shi kamar balan-balan, kafin ƙiftawar ido ya miƙe garau, ba tabo, ba jinya, ba maraya. Masu zanen sun cire ciwo daga cikin mugunta don dariya ta fito tsantsa. A tatsuniya kuwa akwai bashi. Hankaki sun ƙwace gashinsu, suka bar Gizo a kan ɓaure, ruwa ta ko'ina. Sau da yawa labari kan ƙare da Gizo ya sha kunya ya gudu ya maƙale a bango, Ƙoƙi da 'ya'ya su kwana da yunwa. Yaro yana dariya, yana kuma ganin cewa ramin mugunta gajere ake gina shi.

Sai dai kada mu yi wa kanmu kirari da yawa. Akwai tatsuniyoyin da Gizo ke cin amana ya kwashe lafiya, kura ko wani bawan Allah ya sha dukan. Abin da ke gyara wannan shi ne bakin da ke ba da labarin. Kaka tana zaune a tsakar gida, tana ganin fuskar kowane jika. In Gizo ya wuce gona da iri sai ta ja tsaki ta ce, "Kun ga halin banza ko?" In wani yaro ya cika murna da cutar, ta san da shi, gobe za ta zaɓo labarin da ya dace da shi. A ƙarshe ta rufe da ƙurunƙus kan ɗan ɓera, ta ce ba don Gizo ba da ta yi ƙarya, kowa ya san wasa ya ƙare, an dawo duniyar da ake hisabi. Wayar da ke rumfar mai caji ba ta da tsaki. Fim ɗaya na ƙarewa wani ke farawa, ba wanda zai ce wa yaro nan ne iyakar wasa.

Don haka ni ban goyi bayan masu cewa a hana yara kallo ba. Hani ba zai yiwu ba, ko ya yiwu ma bai taɓa tushen ciwon ba. Yaran nan suna ganin manya suna yi wa wanda ya wawure dukiyar jama'a kirari, suna ce wa mai gaskiya wawa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Jerry bai koya musu ko rabin abin da muka koya musu da bakinmu ba.

Kirana ga 'yan'uwa marubuta, musamman masu tasowa, shi ne kada ku ji tsoron mai wayo a labaranku. Labarin da kowa a cikinsa salihi ne ba ya karantuwa, yaro zai ajiye shi ya koma wajen mai caji. Ku ba mu Gizo da duk shegantakarsa, ya ba mu dariya har hawaye. Amma ku bar mu mu ga fuskar wanda ya biya, ko da a layi biyu ne. Ba sai kun yi wa'azi a shafin ƙarshe ba, mai karatu yana da hankali.

Shi kuwa ɗalibin nawa, bayan an hukunta shi na kira shi ofis, na ba shi labarin Gizo da hankaki, wanda ya ce bai taɓa ji ba. Ya yi dariya sosai. Da na tambaye shi su wane ne hankaki a ajinsu, sai ya sunkuyar da kai, ya daɗe bai ce komai ba. Ban sani ba ko maganar ta shiga, domin shuka muke yi, Allah ke fitarwa. Allah ya shirya mana zuriya, ya sa alƙalumanmu su zama masu amfani, amin.