Waƙar Ta'aziyya Ko Biyan Bashi?



Yanzu idan mawaƙi ya rasu, tun ba a tashi zaman makoki ba abokansa sun shige situdiyo, an haɗa kiɗa a kwamfuta, an saki waƙar ta'aziyya a YouTube. Ban ce ba sa ƙaunarsa ba. Wallahi kewa ce, na sani.

Hukuncin kiɗa ba shi ne maganata yau ba. Jumhurun malamai sun hana, Ibnu Hazmin ya saɓa musu. To ko ra'ayinsa ka ɗauka, halacci daban, abin da zai iske mamaci a kabari daban.

A cikin Bukhari, an kawo wata gawa, Manzon Allah (SAW) ya ce sahabbai su yi mata salla ban da shi, saboda bashin dinari uku. Sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya sannan ya sallace ta. Dinari uku fa!

Shi abokin naku, wa ya tambayi iyalinsa ko ana binsa? Kuɗin haya, bashin mai shago, kuɗin makarantar yara? Kafin ku biya mai haɗa kiɗa, ku je wajen mahaifinsa ko yayansa a keɓe, ku tambaya.

Allah Ya jiƙan mamatanmu.