Wanda Ya Manta, Ya Yanke Zumunci?

A watan Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda 'yan bindiga, ciki har da Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa. Har zuwa Disamba ba wanda ya yi fushi da abokinsa don bai kira ba, domin kowa ya san dalilin shirun. Da sabis ya dawo, uzurin kowa ya ƙare, amma ni shiruna ya ci gaba.

Wata rana ina tsakiyar rubuta manhaja, aminina na Sabuwa ya turo mini saƙon rasuwar mahaifinsa. Na karanta, na yi salati, na tsara ta'aziyyar a raina, na ce bari in ƙarasa wannan layin in kira. Ban kira ba sai bayan kwana goma. Abin da ya ce kawai shi ne, "Abokina, ai na ga ka karanta."

Daga baya likitan ƙwaƙwalwa ya tabbatar mini ina da ADHD, lalurar da ke hana mutum sarrafa hankalinsa yadda yake so. Alamunta kan bayyana kafin shekara 12, kuma tana bin mutane da dama har girma. Tun 1902 wani likita a Landan, George Still, ya yi bayanin yara masu irin wannan hali. Mai ita kan katse wa mutane magana, ya makara, ya manta alkawari, ko ya nutse cikin aiki guda har lokaci ya ɓace masa. A garinmu sunansa mai rawar kai ko marar kirki.

To, ina da laifi? Na daɗe ina son amsar ta zama a'a. Amma aminina ya yi zaman makoki ba tare da ni ba, kuma takardar likita ba ta rage masa wannan ciwo. A yankinmu, inda shirun mutum kan sa a fara tunanin ko an tare shi a hanya, rashin amsa yana da nauyi.

Ga inda na tsaya. Ba ni na zaɓi mantuwa ba, amma tunda na san ta, barin ta ba shiri laifina ne. Yanzu saƙon rasuwa ko rashin lafiya, a take nake kira. Kowace Juma'a wayata kan tuna mini mutum uku da zan gaisar. Wani zai ce zumuncin da sai na'ura ta tuna ba zumunci ba ne. Ai wanda ya saita na'urar shi ne mai ƙaunar.

Kai kuma mai aboki irina, kafin ka yanke hukunci ka tambaye shi. Ka faɗa masa ya ɓata maka rai, kada ka rama da shiru.

Zumunci a ƙafa yake. Na je Sabuwa na yi gaisuwa, a makare. Ya karɓe ni, amma ya ɗan jima kafin ya sake turo mini saƙo.