Ƙurar Kano Da Aka Hango Daga Sama

A karanta Zabura 113.

Bayan girbin gero wani saurayi na ekklesiyarmu, a ƙauyukan kusa da Bichi, ya dawo hutu daga makaranta. Ran Lahadi bai zo sujada ba. Da na tarad da shi gindin gawo a gonar ubansa, sai ya ce, "Fasto, mutane sun hau sama sun sauko, ba su ga Allah ba. Wa mu ke yi wa addu'a?" Ban tsauta masa ba, gama tambaya ce ta gaske. Harshenmu ma ya taimaka wa ruɗewarsa, da ya ke inda hadari ke haɗuwa da mazaunin Ubangiji duka "sama" mu ke ce da su.

Maganar nan tsohuwa ce. Manyan gwamnatin Rasha ne suka yaɗa ta bayan Yuri Gagarin ya kewaya duniya ran 12 ga Afrilu, 1961. Amma da yawanmu ba su san Kano ta sa hannu cikin tafiye-tafiyen nan ba. A shekarun nan Amurkawa sun kafa tasha a Kano domin bin sawun kumbonsu. Ran 20 ga Fabrairu, 1962, John Glenn ya kewaya duniya sau 3. Sa'ad da ya bi ta bisa Afirka ya ce yana hangen ƙura ta tashi, mutanen tashar Kano kuwa suka amsa masa cewa sun yi mako guda ana iska mai ƙarfi.

Ku lura da nisan da ya yi. Iyakar hawansa wajen mil 160 ne, wato ya ɗara tafiyar Kano zuwa Kaduna da kaɗan. Ashe, wanda ya je Kaduna ya dawo ya isa ya ce ya bincike dukan halitta? Sulemanu, ran keɓe haikali, ya shaida cewa sammai duka sun kasa ɗaukar Allah (1 Sarakuna 8:27). Wanda sammai ba su ɗauke shi ba, ba za a tarad da shi zaune a wani lungunsu ba.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne ƙurar nan. Glenn ya gan ta, amma bai ga kowa a cikinta ba. Watan Fabrairu ne, rani. Ƙarƙashin hazon nan kakanninmu suna kora jakuna da mangalar taki zuwa gona, mata suna jan guga a rijiya, wata tana jiyyar ɗanta mai tari, wani yana leƙa rumbu yana lissafi ko hatsin zai kai shuka. Ba laifin Glenn ba ne. Shi kansa dattijon ekklesiya ne. Haka idon mutum ya ke: in ya yi nisa, fuskoki su ɓace masa.

Zaburarmu ta nuna Allah dabam. Kursiyinsa yana da tsayi har sai ya sunkuya kafin ya dubi sammai da kansu. Da ya sunkuya kuma, bai tsaya ga taurari ba, sai ya kai hannu cikin ƙura ya ɗaga matalauci, ya tuna da bakarariya a ɗakinta. Cikin Yesu kuwa sunkuyawar ta cika: ya sauko ya taka ƙurar hanyoyin Galili, har ya wanke ta daga ƙafafun almajiransa (Yohanna 13).

Don haka ba na hana yaranmu ilmin taurari. Su koya, su ƙware. Mutum 3 da suka kewaya wata ran 24 ga Disamba, 1968, ayoyi 10 na farkon Littafin Farawa suka karanta wa duniya.

Na faɗa wa saurayin waɗannan abubuwa, muka karanta zaburar tare. Bai ce ya yarda ba, bai kuwa yi gardama ba. Ya roƙi aron Littafina, ya koma makaranta da shi. Uwarsa tana jiran hutun Ista. Ku sa shi cikin addu'arku.