Hawayen Gidan Silima: Rahama Ce Ko Ruɗin Zuciya?

Daga cikin al'amuran ɗan Adam waɗanda in mai hankali ya yi musu kallon tsanaki sai ya ga sun saɓa wa abin da aka sani na ɗabi'a, akwai wannan: mutumin da ya wuni yana gudun ɓacin rai, yana roƙon Ubangijinsa safe da maraice ya tsare shi daga damuwa da baƙin ciki, shi ne kuma idan dare ya yi zai ciro kuɗin guminsa ya miƙa wa mai yankan tikiti, ya zauna sa'a biyu ko uku yana kallon marayu suna mutuwa da yunwa, ya yi kuka har ya jiƙe hannun rigarsa, sa'an nan ya fito yana shaida wa abokansa cewa bai taɓa ganin fim mai kyau kamar wannan ba. Da maƙwabcinsa ne ya sa shi zubar da rabin hawayen nan, da sai an dangana da gaban alƙali, amma wanda ya shirya masa baƙin cikin da gangan, yabo yake samu da riba. Mene ne ake nema a cikin wannan kuka, kuma shin alheri ne ga zuciya, ko kuwa cuta ce mai zaƙi? Hukuncin kallon fim a shari'a fagen malaman fiƙihu ne, sun kuwa yi magana a kai. Abin da muke bincike a nan shi ne halin zuciyar mai kallo.

Mu a nan ba baƙi ba ne ga wannan mas'ala, domin tun daga shekarun 1950, sa'ad da 'yan kasuwa mutanen Lebanon suka fara kawo finafinan Indiya gidajen silimar Arewa, babu wanda ya zauna a zukatan jama'a kamar Mother India, wanda Mehboob Khan ya shirya a 1957. Labarin Radha ne, wadda surukarta ta ci bashin rupi 500 a hannun wani mai cin riba, Sukhilala, don hidimar biki, shi kuwa ya yi ta kwashe kashi uku cikin huɗu na amfanin gonarsu kowace kaka. Dutse ya danne hannuwan mijinta ya nakasa, kunya ta kore shi daga gida, ambaliya ta cinye shuka, ita kuwa ta ɗauki garma da kafaɗarta ta reni 'ya'yanta, har ranar da ɗanta Birju, wanda zalunci ya mai da shi ɗan fashi, ya kashe mai bashin ya ɗauke 'yarsa, ita da hannunta ta harbe shi don kare mutuncin 'yar maƙiyinta. Mutane sun kalli wannan fim sun sake kallo, alhali ba su jin yaren kuma sun san ƙarshensa, wanda ya nuna cewa ba son jin yadda labari zai ƙare ne yake mai da su ba. Kukan da kansa suke komawa nema.

Hukama'un Yunanawa sun riga mu saɓani a kan wannan, tun zamanin da babu majigi sai 'yan wasa a dandali. Aflatun, a littafinsa na Jamhuriya, ya tafi a kan cewa wasan ban tausayi yana ciyar da sashen rai mai rauni, wanda ya kamata hankali ya yi wa linzami, kuma wanda ya saba sakin hawaye saboda musibar wani a dandali ba zai iya riƙe kansa ba ranar da tasa ta zo. Almajirinsa Aristo ya saɓa masa, ya ce irin wannan wasa yana motsa tausayi da tsoro ne domin ya tace zuciya daga gare su, mai kallo ya fito da sauƙi a ƙirjinsa. Kuma littafinsa a kan waƙa, inda ya faɗi haka, ya shiga Larabci, har Ibnu Sina da Ibnu Rushdi suka yi masa sharhi. Ra'ayin Aristo shi ne ya yi rinjaye a wurin mutanen yau, ko da yake a ganina ya amsa rabin tambaya ne kawai, saboda ya faɗa mana dalilin da ya sa kukan yake da daɗi, bai faɗa mana ko mai kukan ya ƙaru da wani alheri ba.

Idan muka koma ga malamanmu, sai mu tarar da rarrabewa wadda ta fi wannan zurfi. Ibnul Ƙayyim ya lura cewa baƙin ciki bai zo a cikin Alƙur'ani a matsayin abin da ake umurni da shi ba, sai dai a hana shi ko a kore shi daga muminai, domin yana raunana azama, yana tsayar da mai tafiya; kafin shi kuma Alkindi, masanin falsafa na Bagadaza, ya rubuta risala sukutum a kan dabarar kawar da baƙin ciki. Amma kuma ya tabbata a cikin ingantattun hadisai cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye sa'ad da aka miƙo masa jikansa yana gargarar mutuwa, da Sa'adu ɗan Ubada ya yi mamaki, sai ya bayyana masa cewa wannan rahama ce da Allah ya sanya a zukatan bayinsa. Ashe abubuwa biyu ne suke fitowa ta ƙofa guda, wato ido: ɗaya baƙin ciki ne mai juya mutum zuwa ga kansa, yana ta lissafin abin da ya rasa, ɗaya kuwa rahama ce mai juya shi zuwa ga waninsa. Imamu Gazali ma, a babin sauraren waƙe na Ihya'u, ya kasa baƙin ciki gida biyu, abin zargi a kan abin duniya da ya kuɓuce, da abin yabo a kan gazawar mutum ga abin da ya hau kansa, ya ce hukuncin abin da ke motsa shi yana bin hukuncin wanda aka motsa.

To, ta yaya mai kallo zai san wanne ne yake kwarara a kumatunsa? A nan ne haɗarin yake, kuma wanda ya fi kowa gano shi shi ne Agustin, malamin Kirista na Afirka ta Arewa wanda ya rasu a shekarar 430, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana son gidajen wasa na Kartaj, daga baya ya lura cewa mai kallo ba a kiransa ya kawo agaji, ana kiransa ne ya yi juyayi kawai, kuma gwargwadon yawan kukansa gwargwadon yabonsa ga ɗan wasa. Ruso, masanin nan na Janiba, ya maimaita wannan zargi a 1758, ya kawo labarin wani azzalumin sarkin Yunanawa da yake ɓuya don kada a ga yana kuka a gidan wasa, alhali talakawan da ake yankawa da umurninsa ba su taɓa sa shi ko gezau ba. Irin wannan tausayi ba ya cin kuɗi fiye da na tikiti, ba ya tambayar mutum mudun hatsi ko ɗaki a gidansa, kuma mafi muninsa shi ne yana haifar da ujubu, mutum ya fito yana ganin kansa mai taushin zuciya, ya kafa hawayensa hujja, alhali sun zuba ne kamar ruwan sama a kan fako, ƙasa ta jiƙe ba abin da ya tsiro.

Ma'aunin da nake gani ya fi dacewa shi ne a tambayi mai kallo: a cikin mutanen fim ɗin nan, a jikin wa ka ga kanka? Kusan kowa yakan shiga rigar wanda aka zalunta, domin ita ce mai daɗin sawa, kuma fim mai arha shi ne wanda yake taimaka masa a kan haka, ya zana mugu da ƙahoni, ya ƙara goge da sarewa a daidai wurin da ake son hawaye. Manyan finafinan baƙin ciki kuwa wani wuri dabam suke zaunar da mutum. Dubi Hotaru no Haka, fim ɗin zane na Japan da Isao Takahata ya fitar a 1988, wanda da yawa suke ƙirga shi a kan gaba cikin masu karya zuciya. Yaro ne ɗan shekara 14, Seita, da ƙanwarsa Setsuko 'yar shekara 4, uwarsu ta ƙone a ruwan bama-baman da aka yi wa birnin Kobe a 1945, kuma tun daga farkon fim an nuna yaron yana mutuwa a tashar jirgin ƙasa, don kada wani ya zauna da fatan tsira. Marubucin asalin labarin, Akiyuki Nosaka, ƙanwarsa ce ta rasu da yunwa a wannan yaƙi, ya rubuta shi a 1967 yana zargin kansa. Amma abin lura shi ne, ba bam ne ya kashe yaran nan ba. Goggonsu ce da ta gaji da ciyar da baki biyu marasa aiki ta fara yi musu gori, da manomin da ya kama yaron yana satar amfanin gona ya lakaɗa masa duka, da likitan da ya duba yarinyar ya ce yunwa ce ya sallame su ba tare da ko loma ba, da kuma girman kan yaron da ya hana shi komawa ya ba da haƙuri. Babu ko ɗaya daga cikinsu da yake dodo, kowa yana da uzurin da in ka saurara sai ka ce da gaskiyarsa, kuma uzurin nan shi ne irin wanda muke bayarwa kullum a ƙofar gidajenmu.

Haka kuma Ladri di biciclette, wato Ɓarayin Keke, na Vittorio De Sica, wanda ya fito a Italiya a 1948. Antonio ya sami aikin manna takardun talla a birnin Roma bisa sharaɗin yana da keke, matarsa ta jinginar da zannuwan gadonsu aka fanso keken, aka sace shi ran farko. Bayan ya gaji da nema shi da ƙaramin ɗansa Bruno, sai ya miƙa hannu ga keken wani, jama'a suka cim masa suna mari suna zagi a gaban yaron. Taron da bai tashi ba sa'ad da aka zalunce shi, shi ne ya tashi sa'ad da ya yi kuskure. Mai keken ne kaɗai, da ya dubi fuskar yaron, ya ce a sake shi. Duk wanda ya taɓa jin an yi ihun ɓarawo a kasuwa ya san a wane sahu ƙafarsa take kai shi, kuma Bahaushe ya riga ya faɗa cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Wani zai ce, ashe ke nan so nake a mai da fim mumbarin wa'azi. Ko kusa, fim mai wa'azi shi ne ya fi saurin ba mai kallo mafaka, domin da zarar an nuna masa mugu da yatsa ya san ba shi ba ne. Abin da nake nufi ya fi kusa da tsarin da Alƙur'ani ya bi a Suratu Yusuf, wadda a cikinta akwai uban da ya yi kuka har idanunsa suka yi fari, amma ba ta tsaya ga kukan uba ba, sai da ta zaunar da mai karatu a majalisar 'yan'uwa suna shawara, kowa yana kawo dalilinsa, har suna yi wa kansu alkawarin zama mutanen kirki bayan sun gama aika-aikar, sa'an nan ta rufe da cewa a cikin ƙissoshi akwai izina ga ma'abota hankali. Izina kuwa ba ta samuwa ga wanda ya karanta ƙissar yana ganin shi ne Yusufu a kowane lokaci.

Saboda haka amsar tambayarmu ba ta cikin fim, ba ta kuma cikin yawan hawaye. Tana cikin abin da ya biyo baya. Kukan da mutum ya yi a gaban majigi shaida ce cewa zuciyarsa ba ta ƙeƙashe ba, wannan kuwa ni'ima ce da ya kamata a gode wa Allah a kanta. Amma shaidar nan tana iya zama hujja a kansa, domin wanda ya tabbatar yana iya jin zafin yunwar yarinyar da aka zana da alƙalami, ba shi da sauran uzurin cewa bai gane yunwar almajirin da ke tsaye a zaurensa ba, ko ta marayun ɗan'uwansa da yake ƙirga musu loma. Idan kallon ya sa ya ji kunyar uzurorinsa, ya sassauta wa wanda yake bi bashi, ya janye hannunsa daga taron masu duka, to hawayensa rahama ce, kuma Aristo ya yi gaskiya har da ƙari. Idan kuwa abin da ya samu shi ne barci mai daɗi da kyakkyawan zato ga kansa, to Aflatun da Agustin ne suka san shi. Allah shi ne mafi sanin abin da zukata suke ɓoyewa.