Ladan Ma'aikaci: Hakki da Tukuici



Kowace Lahadi a majami'unmu mutum biyu sukan zauna a benci ɗaya: wanda yake biyan albashi da wanda yake jiran a biya shi. Mai shago da yaron shagonsa, mai makaranta da malaminsa, manajan kamfani da mai gadin ƙofa, dukansu suna miƙa wa juna hannun salama kafin karɓar Jibi Mai Tsarki. Amma ran Litinin akwai tambayar da take tsaye a tsakaninsu, ko an furta ta ko ba a furta ba: nawa ya kamata a biya mutum saboda guminsa? Kuma yaya za a tsara biyan domin ya ƙara masa himma ba tare da an zalunce shi ba?

Manyan kamfanoni suna da ofisoshi na musamman domin wannan aiki. Suna auna nauyin kowane matsayi, suna jera ma'aikata mataki mataki, suna binciken abin da sauran kamfanoni suke biya domin kada a janye musu ƙwararru. Daga nan su raba ladan kashi kashi: albashi na wata, alawus na gida da na mota da na asibiti, fansho, sa'an nan kari ga wanda ya yi fice, ko kamasho a kan abin da ya sayar. Wannan ilimi ne mai amfani, kuma babu laifi a cikinsa. Sai dai lissafi kaɗai ba zai iya gaya mana abin da yake daidai ba. A nawa gani, cikin kowane lada akwai abu biyu da bai kamata a gauraya su ba. Akwai hakki, wato abin da zai riƙe ran ma'aikaci da iyalinsa. Akwai kuma tukuici, wato abin da ake ɗora masa saboda ƙwazo. Yawancin zaluncin da ake yi a wurin aiki yana farawa ne sa'ad da aka mai da hakki ya zama tukuici.

Mu fara da hakki. Mutane da yawa sukan ce, ai ya yarda, da bakinsa ya amsa, ban tilasta masa ba. Wannan hujja tsohuwa ce, kuma Ikkilisiya ta daɗe da ba ta amsa. A ranar 15 ga Mayu, 1891, Paparoma Leo na 13 ya fitar da wasiƙarsa mai suna Rerum Novarum, a lokacin da masana'antun Turai suke cike da mata da yara suna aiki tun asuba har dare. Abin da ya koyar shi ne, yardar da yunwa ko tsoro ya matso daga bakin mutum ba ta mai da ciniki ya zama na adalci. Akwai ma'aunin da ya girmi duk wata yarjejeniya: ladan ya isa ya ciyar da ma'aikaci mai tattali da kamun kai. Wanda yaransa suka kwana biyu ba a ɗora tukunya ba zai amsa kowane farashi, mai ɗaukarsa aiki kuwa ya san haka sarai.

Littafi Mai Tsarki ya riga ya aza wannan harsashi. Littafin Firistoci 19 da Maimaitawar Shari'a 24 sun hana a kwana da ladan ɗan ƙwadago, gama matalauci ne kuma a kan wannan kuɗi ya sa zuciyarsa. Wasiƙar Yakubu 5 ta nuna cewa ladan da aka danne yana kai ƙara gaban Ubangiji. Saboda haka Ikkilisiya take lissafa danne hakkin ma'aikaci cikin zunuban da suke kuka zuwa sama. Jinkirta albashi wata uku alhali mai gida yana ɗora bene, wannan ma dannewa ce, ko da daga baya an biya.

To, yaya za a san adadin? A 1931 Paparoma Piyus na 11, cikin wasiƙar Quadragesimo Anno, ya ba da ma'auni uku: bukatar ma'aikaci da iyalinsa, halin da sana'ar take ciki, da kuma amfanin jama'a baki ɗaya. Ma'auni na biyu yana kare mai sana'a mai gaskiya, domin ba adalci ba ne a ɗora masa abin da zai rufe shagonsa kowa ya rasa. Amma Paparoma ya yi gargaɗi cewa sakaci da rashin iya tafiyar da sana'a ba hujja ba ne na rage wa ma'aikata lada. Bayan shekara 50, a 1981, Paparoma Yohanna Bulus na 2 ya ƙara cikin Laborem Exercens cewa albashi shi ne wurin da ake gwada adalcin tsarin tattalin arziki gaba ɗaya, ya kuma haɗa da kulawar lafiya, da hutu, da abin dogara a lokacin tsufa. Paparoma Leo na 14, wanda aka zaɓa a watan Mayu na 2025, ya bayyana cewa tunawa da Leo na 13 da wannan koyarwa tana cikin dalilan da suka sa ya ɗauki sunan.

Doka ma tana da nata ma'auni. A Najeriya mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 18,000 a 2011 zuwa naira 30,000 a 2019, sa'an nan naira 70,000 a watan Yuli na 2024. Dokar fansho ta 2014 ta ce mai ɗaukar aiki ya zuba aƙalla kashi 10 cikin 100, ma'aikaci kuma kashi 8. Duk da haka, a ƙarshen 2024 buhun shinkafa mai kilo 50 ya zarce naira 70,000 a kasuwanni da dama. Dattawanmu suna tuna ƙarin albashin Udoji na tsakiyar shekarun 1970, yadda kuɗi ya shigo aljihu farashin kaya kuma ya bi shi a guje. Albashi a kasuwa ake sanin nauyinsa. Har wa yau, dokar mafi ƙarancin albashi ta 2019 ta keɓe wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, wato yawancin shagunanmu da gonakinmu da gidajenmu. Inda doka ta tsaya, lamiri bai tsaya ba.

Wani zai ce, idan aka tabbatar wa mutum da abincinsa ai zai yi lalaci. Tarihi bai goyi bayan wannan tsoro ba. A 1913 kamfanin motoci na Ford a Amurka ya ɗauki mutum sama da 50,000 cikin shekara ɗaya domin riƙe gurabe kimanin 14,000, saboda aikin ya yi tsanani ma'aikata suna ta gudu. A watan Janairu na 1914 Henry Ford ya sanar da dala 5 a yini, wato fiye da ninki biyu na abin da ake biya a da, ya kuma rage yinin aiki daga sa'a 9 zuwa 8. Gudu ya ragu ƙwarai, aiki ya ƙaru, kamfani ya ci riba. Kakanninmu sun riga sun faɗa: da ruwan ciki ake jan na rijiya. Sai dai akwai darasi na biyu a labarin. Kusan rabin kuɗin nan an lissafa shi ne rabon riba mai sharaɗi, kamfani kuma yana aika jami'ai gidajen ma'aikata su duba tsabtarsu da shaye-shayensu da zaman aurensu kafin a ba su. Wanda ya biya lada ya sayi aikin mutum na sa'o'in da aka yi alkawari. Bai sayi gidansa ko lamirinsa ba.

Yanzu mu zo ga tukuici. Adalci bai ce a biya kowa daidai wa daida ba. Wanda ya yi shekaru yana koyon sana'a, da wanda yake ɗauke da nauyin rayukan mutane, da wanda yake shiga haɗari, da wanda ya fi sauran himma, ya cancanci a ga bambanci a ladansa. Ubangijinmu ya ba da misalai biyu da ya kamata a karanta su tare. A Matiyu 20 mai gonar inabi ya ba kowane ma'aikaci dinari guda, har da wanda aka ɗauka da la'asar. Misalin yana magana ne da farko a kan alherin Allah, amma mu lura cewa dinari shi ne abincin yini, ba wanda ya koma gida hannu wofi. A Matiyu 25 kuma bawan da ya juya talantinsa ya sami ƙarin amana, malalaci ya sha tsawa. Na farko yana koya mana hakki, na biyu yana koya mana tukuici.

Amma tukuici wuta ne, yana dafa abinci yana kuma ƙona gida. Mun san aikin jinga a gona: idan aka biya mai noma bisa yawan kunya kawai, zai gama da wuri ya bar ciyawa a gindin dawa. Abin da aka sa wa lada shi mutane za su bi, ko da ya saɓa wa ainihin aikin. A 2016 hukumomin Amurka sun ci bankin Wells Fargo tarar dala miliyan 185, bayan an gano cewa ma'aikata sun buɗe wa mutane asusu ba da saninsu ba, kimanin miliyan 2 a ƙidayar farko, daga baya adadin ya kai miliyan 3 da rabi. Dalili kuwa shi ne an ɗora musu adadin da za su cika, an ɗaure karinsu da aikinsu a kansa. An kori ƙananan ma'aikata kimanin 5,300. Lalle kowannensu yana da alhakin abin da hannunsa ya aikata. Amma wanda ya tsara ladan da ba za a same shi ba sai ta hanyar ƙarya, shi ma yana da kaso a cikin ƙaryar. Mu ma muna ganin irin wannan a kusa: direban da aka yanka wa kuɗin da zai kawo kowace yamma ko da fasinja ko babu, sai ya yi ta gudu da lodi fiye da kima. Budurwar da aka ce ta kawo wa kamfani masu ajiya ko ta rasa aiki, ba a tambayi ta wace hanya ba. A nan abincin mutum ne aka rataya a kan tukuici, tsoro kuma ya maye gurbin himma.

Saboda haka tukuici mai kyau yana da alamomi. Yana zuwa ne a kan hakkin da ya riga ya cika. Ƙa'idarsa a fili take, kowa ya san ta tun kafin a fara aiki, ba a canza ta bayan an girbe. Yana auna abin da yake hannun ma'aikaci, yana duba kyan aiki tare da yawansa. Ba ya duba ƙabila ko addini ko dangantaka da mai gida, kuma mace da namiji da suka yi aiki iri ɗaya ladansu ɗaya ne, kamar yadda Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince tun 1951. Yana kuma tunawa cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: idan mai sayarwa ya yi fice, akwai mai ɗaukar kaya da mai shara da suka sa hakan ya yiwu.

Wannan ya kawo mu ga tazarar da take tsakanin na sama da na ƙasa. Babu abin da yake kashe zuciyar ma'aikaci kamar ya ga kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Akwai misali daga cikin gidanmu na bangaskiya. A 1941 aka tura wani matashin firist, Fada José María Arizmendiarrieta, zuwa garin Mondragon a ƙasar Sifen, bayan yaƙin basasa ya bar garin cikin talauci. Ya buɗe makarantar koyon sana'a a 1943. A 1956 tsofaffin ɗalibansa biyar suka kafa ƙaramar masana'antar risho wadda ma'aikata ne masu ita. Suka ƙulla cewa mafi girman albashi kada ya wuce ninki 3 na mafi ƙanƙanta. Daga baya an faɗaɗa tazarar domin a iya riƙe ƙwararrun manajoji, amma ma'aikata ne suke yanke ta da ƙuri'arsu. Ƙungiyar ta girma har ma'aikatanta suka kai dubun dubbai. Ba ta tsira daga wahala ba, gama babban kamfaninta na kayan wutar lantarki, Fagor, ya durƙushe a 2013, sai dai sauran kamfanonin ƙungiyar sun karɓi da yawa daga cikin membobinsa. Ba kowace sana'a za ta bi wannan tsari ba. Abin koyi shi ne, ana iya sa wa tazara iyaka kuma sana'a ta rayu.

Ma'aikaci ma yana da nasa kaya. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda yake zuwa a makare ya sa hannu a kan lokacin da bai zo ba, wanda yake sayar da man motar ofis, malamin da yake barin aji ya tafi kasuwancinsa, shi ma yana danne hakkin wani. Ƙarancin albashi dalili ne na kai kuka da haɗa kai cikin ƙungiyar ƙwadago, wanda Ikkilisiya ta amince da shi tun 1891. Bai zama izinin sata ba.

'Yan'uwa, kada mu ɗauka maganar nan ta masu manyan kamfanoni ce kaɗai. Duk wanda yake da yarinyar aiki a gida, ko mai gadi, ko yaron da yake koyon sana'a a hannunsa yana jiran ranar sallama, shi ma mai tsara lada ne. Haka kuma kowane kwamitin Ikkilisiya da yake biyan katekis da mai dafa abinci da malaman makarantarmu, gama kalmar "aikin Allah ne" ba ta biyan kuɗin haya. Bari kowannenmu ya zauna cikin wannan mako ya yi lissafi: abin da nake biya, zai kai mutumin nan da iyalinsa ƙarshen wata? Ina biya a kan lokaci? Ya san abin da zai yi ya sami kari, kuma zai iya samunsa da gaskiya? Wanda ya ga giɓi, ya fara cike shi daga albashin wannan wata.

Bari Waliyyi Yusufu Ma'aikaci, wanda muke bikinsa ran 1 ga Mayu, ya yi addu'a domin masu biya da masu karɓa. Allah ya sa albarka a aikin hannuwanmu. Amin.