Ina Motar Za Ta Kwana?

Magidancin da ya yi shekara goma sha takwas yana zaman haya ya san darajar gidan kai. Ya san zuwan takardar mai gida a ƙarshen shekara, ya san ɗaure kaya da kwance kaya, ya kuma san nauyin gaya wa yara cewa za a sake musu makaranta domin an ƙara kuɗin haya. Saboda haka ranar da dillali ya nuna masa gidan da kuɗinsa zai iya saye, babbar rana ce a tarihin iyalinsa. Amma a manyan garuruwan Nijeriya, sau da yawa murnar wannan rana takan tsaya a bakin ƙofa, inda maigida zai dubi dama da hagu, ya ce, "To, ina motar za ta kwana?"

A ɗauki misalin malamin sakandare a Jos, da matarsa ma'aikaciyar jinya, da 'ya'yansu uku, da tsohuwar mahaifiyarsa wadda ke zaune tare da su. An nuna musu gida mai ɗaki huɗu a cikin tsohuwar unguwa. Takardunsa sun cika, akwai rijiya, yara za su iya zuwa makaranta da ƙafa, kasuwa da majami'a kuma ba su da nisa. Aibinsa ɗaya ne: ƙofarsa a bakin lungu take, babu haraba, babu gareji. An kuma nuna musu wani gidan a bayan gari, mai katanga da babbar ƙofa da filin da zai ɗauki mota biyu, amma sai sun ci bashi kafin su kai kuɗinsa, ko gishiri kuwa za a saya sai an tashi mota. Uwargida tana son na farko, maigida yana jinkiri. A sama, gardamar tasu ta kuɗi ce da ta jin daɗi. A ƙarƙashi kuwa akwai tambayoyi biyu na ɗabi'a: wane matsayi ya dace mota ta samu a shawarar iyali, wane ne kuma zai ɗauki nauyin wurin da take bukata?

Yana da kyau a fara sanin dalilin da ya sa irin waɗannan gidaje suka yi yawa. Jos ta bunƙasa ne da haƙar kuza tun farkon ƙarni na 20, kuma unguwanni kamar Tudun Wada da Jenta da Unguwar Rukuba sun girma a tsakanin duwatsu, gida na bin gida, lungu na bin tsohuwar hanyar ƙafa. Waɗanda suka gina su masu tafiya da ƙafa ne ko da keke. Mota ta fara shiga hannun matsakaicin ma'aikaci ne a tsakiyar shekarun 1970, lokacin ƙarin albashin Udoji, lokacin da kuma kamfanin Peugeot ya soma harhaɗa motoci a Kaduna a 1975. Daga baya motocin Kwatano suka cika kasuwa, har wanda bai taɓa mafarkin mota ba ya samu. Motoci sun ƙaru, lunguna kuwa suna nan yadda kakanni suka bar su. Haka abin yake a Sabon Tasha ta Kaduna, da Mararaba kusa da Abuja, da Mushin ta Legas. Wanda ya gina tsohon gida babu gareji bai yi laifi ba. Ya yi gini ne daidai da zamaninsa.

Bai kamata a raina damuwar maigidan nan ba, gama tana da tushe. Motar da ke kwana a waje tana cikin haɗarin ɓarayin batir da madubi, rana da ruwan sama suna cin fentinta, mai wucewa kuma yana iya gogarta ya tafi abinsa. Matar da ta taso daga aikin dare, in ta ajiye mota nesa, sai ta taka cikin duhu kafin ta isa ƙofarta. Tsohuwa mai ciwon gwiwa ba za ta ji daɗin tafiya har bakin titi cikin ruwan Agusta ba. In kuma wata rana aka so sayar da gidan, mai saye na gaba zai yi tambayar da aka yi yau, ya rage kuɗi saboda ita. Mutumin da ya lissafa waɗannan abubuwa yana yin aikin mai riƙon iyali ne, ba za a zarge shi da son duniya ba.

Duk da haka akwai kuskure na farko da ke jiran sa, wato ya bar mota ta zaɓa wa iyali wurin zama. Motar da aka saya ta hannu, in ta daɗe, shekara goma ko goma sha biyar za ta yi kafin ta koma wurin 'yan gwangwan. Gida kuwa yakan ga jikoki. Idan aka ƙi gidan da ke kusa da makaranta da asibiti da 'yan'uwa domin abin da zai tsufa kafin ɗan fari ya yi aure, an ɗora ƙarami a kan babba. Bugu da ƙari, gidan da ke tilasta wa iyali hawa mota don kowane ƙaramin aike ya ɗaure su ga farashin mai. Magidanta da yawa sun koyi wannan darasi bayan 29 ga Mayu 2023, ranar da aka sanar da cire tallafin man fetur, farashin lita ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki. Motoci da yawa sun koma zaman gida, a cikin manyan harabobin da aka ci bashi domin su, masu su kuwa suna tsaye a bakin hanya suna jiran tasi. A irin wannan lokaci, gidan da yaro zai fita daga cikinsa ya taka zuwa makaranta ya nuna darajarsa.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa a fili ba. Wani lokaci abin da ke damun magidanci ba tsaron motar ba ne, abin da abokan aiki za su ce ne ranar buɗe gida, in sun zo ba su ga katanga da babbar ƙofa ba. Mutum ne kaɗai zai iya bincika zuciyarsa a kan wannan. Bashin shekara goma da aka ci domin bakin mutane yakan fito daga kuɗin makarantar yara da maganin tsohuwa, masu bakin kuwa ba sa taya biya.

Kuskure na biyu yana ɗaya gefen, ya kuma fi na farkon yawa. Shi ne mutum ya sayi gidan da murna, yana cewa a ransa, "Ai ga titi nan." Wannan magana tana da sauƙin faɗa, amma a cikinta akwai ɗaukar abin da ba a saya ba. Takardar gida tana ƙarewa ne a iyakar da safiyo ya kafa. Daga nan zuwa gaba hanya ce ta kowa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ma ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana domin amfanin dukan jama'a. Wurin ajiye mota ɗaya kuwa ba ƙarami ba ne: kimanin mita 2.5 a faɗi da mita 5 a tsawo, wato kusan girman ɗaki mai ƙafa 12 da 12. Wanda ya ajiye motarsa a lungu kowane dare, shekara da shekaru, daidai yake da wanda ya ƙara wa gidansa ɗaki guda a kan filin unguwa ba tare da ya biya ko ya nemi izini ba. Gidan ya yi araha ne domin babu wurin mota. Idan mai saye ya karɓi arahar, ya kuma ɗauki wurin daga titi, to maƙwabta ne suka cika masa kuɗin.

Lissafin yana ƙara fitowa in aka auna lungun. A ce faɗinsa mita 6 ne. Ƙaramar mota takan kai mita 1.8 a faɗi. In aka ajiye ɗaya a dama ɗaya a hagu, abin da ya rage mita 2.4 ne, motar 'yan kwana-kwana kuwa faɗinta kimanin mita 2.5 ne. Ranar da gobara ta tashi a ƙarshen layi, ko naƙuda ta kama wata mata da ƙarfe biyu na dare, sai a fara buga ƙofofi ana neman mai makulli. Ko babu irin wannan rana, akwai wahalar yau da kullum: mai kurar ruwa da ba ya samun wucewa, makaho da sandarsa, yaron da ya fito da gudu daga bayan mota direba bai gan shi ba. Daga nan sai a soma ajiye duwatsu da tsofaffin tayoyi a ƙofar gida don kama wuri, sai cacar baki, sai gaba. Akwai maƙwabtan da suke zama a benci ɗaya ranar Lahadi amma ba sa gaisawa ranar Litinin, asalin abin kuwa taku biyar ne na ƙasa wadda ba ta ɗayansu ba.

Wasu ƙasashe sun mai da wannan al'amari doka. A Japan, bisa dokar da aka fara kafawa a 1962, mai son yi wa mota rajista a yawancin garuruwa sai ya kawo shaida daga 'yan sanda cewa yana da wurin ajiye ta, nasa ko na haya, wanda bai wuce kilomita 2 daga gidansa ba, kuma ba a yarda mota ta kwana a kan titi ba. Ma'anar dokar a bayyane take: mai mota shi ne mai nauyin wurin kwananta. A unguwannin da ake magana a kansu a nan, da wuya wani jami'i ya zo ya yi wa mai sayen gida wannan tambaya. Inda hukuma ba ta tambaya, sai lamiri ya tambaya.

Rikicin dukiya da wuri tsoho ne. Littafin Farawa, sura 13, ya ba da labarin Ibrahim da Lutu, waɗanda dabbobinsu suka yi yawa har ƙasar ta kasa ɗaukar su tare, makiyayansu suka soma faɗa. Ibrahim ne babba, yana da ikon ya fara zaɓa, amma ya bar wa ƙaramin zaɓi domin kada zumunci ya lalace. Abin lura shi ne bai jira faɗan ya kai ga zub da jini ba, bai kuma ce ƙasar za ta ishe su ko ta yaya ba. Ya yarda cewa wuri yana da iyaka, ya ɗauki asarar a kansa. Garken wancan zamani shi ne abin hawa na yau.

Me ya kamata iyalin nan su yi ke nan kafin su ba da kuɗi? Tun ran gini tun ran zane. Dillali yakan kai mutum ganin gida da tsakar rana, lokacin da motoci suka tafi aiki, lungu ya zama fili. Sai su koma da ƙarfe tara na dare, su koma da asuba, su koma ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, su ga yadda layin yake a gaskiya. Su gai da mai unguwa da waɗanda za su zama maƙwabtansu, su tambaya a fili ko akwai wurin da motarsu za ta tsaya ba tare da ta tare ƙofar wani ko magudanar ruwa ba. Su nemi wurin haya kusa, ko a harabar maƙwabci mai fili, ko a gidan mai da ke da maigadi, a yi yarjejeniya a rubuce, a sa kuɗin wata-wata cikin lissafin farashin gidan. In harabar majami'a ce suke sa rai a kanta, su nemi izinin majalisar dattawa su kuma biya abin da ya dace, gama zama dattijo ko ɗan kwamiti bai mai da filin ikkilisiya garejin kowa ba. In gidan yana da ɗakin gaba da za a iya fasawa a yi gareji bisa amincewar hukumar tsara gari, su auna ko za su iya rasa ɗakin. Su kuma tuna cewa yara suna girma; mota ɗaya ta yau tana iya zama biyu nan da shekara goma.

Akwai magana ta cikin gida wadda ita ma ba za a tsallake ba. In motar za ta kwana nesa, wa zai taka cikin dare? Idan uwargida ce mai aikin dare, to maigida ya yi alkawari tun yanzu cewa shi ne zai fito ya tarye ta, ya kuma cika. In tsohuwa za ta asibiti, a san wanda zai kawo motar ƙofa ya mai da ita nan take. Shawarar da mutum ɗaya ya yanke, wani kuma ya ɗauki wahalarta, ba ta zama shawarar iyali ba tukuna. Wata amsar ma da ba a son ji ita ce a sayar da motar, a yi shekara biyu ko uku ana shiga tasi da keke mai ƙafa uku, a zauna babu bashi a gidan da yake nasu.

Saboda haka sayen gida marar wurin ajiye mota ba laifi ba ne, sau da yawa ma shi ne zaɓin hikima. Idan malamin nan da matarsa sun sami amsar gaskiya ga tambayar inda motar za ta kwana, amsar da za su iya faɗa a gaban maƙwabta ba tare da sunkuyar da kai ba, to su saya, su gode wa Allah, su shiga da yaransu da tsohuwarsu. Idan kuwa amsar da suke da ita kaɗai ita ce su tare hanyar mutane su jira a saba, gara su haƙura da motar ko su haƙura da gidan. Za su zauna da waɗannan maƙwabta shekaru masu yawa bayan motar ta tsufa, su ne kuma za su fara fitowa da bokiti ranar da hayaƙi ya tashi.