Tsakanin Naciya da Taurin Kai

A daren ƙarshen shekara majami'u sukan cika, jama'a kuma sukan koma gida da sabon ƙuduri a zuciya. Magidanci ya ce ya bar giya, uwargida ta ce za ta fara tanadin kuɗin makarantar yara, saurayi ya ce zai koma karatu. Kafin damina ta faɗi, yawancin waɗannan alkawura sun bi iska. Shi ya sa akan yabi duk wanda ya tsaya a kan maganarsa. Amma shin kowace tsayawa ce ta cancanci yabo?

Labarin sarki Hirudus ya nuna ba haka ba ne. Ya rantse a gaban baƙinsa zai ba 'yar Hirudiya duk abin da ta roƙa, sai ta roƙi kan Yahaya Mai Baftisma. Ransa ya ɓaci, amma don gudun kunya ya cika rantsuwar. Abin da ya kare a ranar girmansa ne, ba gaskiya ba. Wannan shi ne taurin kai.

Naciya kuwa ana ganinta a rayuwar William Wilberforce, ɗan majalisar dokokin Ingila. A 1787 ya ƙudura yaƙi da cinikin bayi. A 1791 majalisa ta ƙi shawararsa, mutum 163 suka ƙi, 88 suka yarda. Ya yi ta komawa da ita shekara bayan shekara, ga rashin lafiya, ga yaƙin Ingila da Faransa da ya ɗauke hankalin jama'a. A 1806, bisa shawarar lauya James Stephen, shi da abokansa suka sake dabara, suka fara da dokar da ta hana 'yan Ingila kai bayi yankunan da ke hannun wasu ƙasashe. A 1807 majalisa ta goyi bayan haramta cinikin da ƙuri'a 283, masu ƙi 16 kawai. Bai huta ba sai 1833, lokacin da ya sami labarin cewa babu shakka majalisa za ta amince da 'yantar da bayin, ya rasu bayan kwana uku.

Bambancin mutanen nan biyu a fili yake. Hirudus ya riƙe kalmar bakinsa ya saki adalci. Wilberforce ya riƙe manufarsa, amma bai ji kunyar canja hanya ba, bai kuma yi tafiyar shi kaɗai ba. Faɗuwar 1791 ba ta zama masa hujjar dainawa ba, domin ba sunansa yake nema ba, 'yancin waɗansu yake nema.

Haka ya kamata a auna ƙudurin cikin gida. Wa zai amfana idan an cika shi? Idan girman kai kaɗai yake ciyarwa, kamar rantsuwar ƙin gaida ɗan'uwa, warware shi ne daidai. Idan kuwa abincin yara da karatunsu sun rataya a kansa, tuntuɓen watan Maris bai kashe shi ba. Magidancin da ya koma wa kwalba sau ɗaya, sai ya faɗa wa matarsa gaskiya, ya canja hanyar dawowa daga aiki, ya sake farawa washegari. Mai haƙuri shi kan dafa dutse, amma sai ya yi ta iza wuta.